Naman Kaza da Tsamin Nono

Kowace shekara idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, mukan ga wasu 'yan fararen tsiro masu kama da laima sun ɓullo a gefen suri, ko a jikin ruɓaɓɓen kututture, ko a filin wasa na makaranta. Da safe za a gan su tsaye, amma kafin jibi sun yi baƙi sun narke. Yara a Gwashi, da Anka, da Gummi, da Bukkuyum sukan kira su laimar kwaɗi, su sa ƙafa su shure su, su wuce. Irin da ake ci daga cikinsu kuwa shi ake kira naman kaza.

Mu 'yan ƙungiyar kimiyya mun lura da wani abu a nan makaranta. Abokan karatunmu da suka fito daga wasu sassan ƙasar nan suna ɗaukar naman kaza a matsayin abin miya mai daraja. Yarabawa suna kiransa olu, Ibo kuma ero. Mu kuwa a yawancin gidajenmu ko ɗanɗana shi ba a yi. Da muka tambayi dalili, amsa biyu muka fi samu: ana tsoron guba, kuma ba ya ajiyuwa. A wannan maƙala za mu dubi amsoshin nan biyu. Za mu nuna cewa dabarar da ke hana nono lalacewa a ƙwarya tana iya magance matsalar ajiya, amma ba ta magance matsalar guba ko kaɗan.

Mene ne naman kaza?

Naman kaza ba ganye ba ne, ba kuma nama ba ne. Ba shi da koren launin da tsirrai ke amfani da shi wajen haɗa abinci daga hasken rana. Danginsa su ne funfuna, wadda ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana biyu, da yis ɗin da ke kumbura burodi. Ainihin jikinsa wasu siraran fararen zaruruwa ne da ke ɓoye cikin ƙasa ko cikin itace, suna cin abin da ya ruɓe. Laimar da muke gani a waje tamkar 'ya'yan itace ce, tana fitowa ne don ta watsa iri.

Irin da ke fitowa a suri yana da ban mamaki. Gara ce ke noma shi da kanta. Takan tattauna ciyawa da itace, ta jibge a cikin ɗakunan suri, zaruruwan su yi girma a kai, ita kuma ta ci daga abin da suka narkar. Idan ruwa ya sauka sai laima ta huda ƙasa ta fito. Masana suna kiran wannan dangi Termitomyces, kuma yana cikin waɗanda aka fi so a ƙasashen Afirka da dama.

Ta fuskar gina jiki, naman kaza yana da furotin, wato sinadarin da muke nema a wake da nama da ƙwai. Yana da wasu bitamin na rukunin B, mai kuma kaɗan ne a cikinsa. Idan aka shanya shi a rana yakan samar da bitamin D, mai taimakon ƙashi. To, amma kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, kuma ba shi da ɓawon da zai kare shi. Shi ya sa a zafi irin namu ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai ya fara wari.

Mu mutane ne da suka iya shanya. Muna busar da kuɓewa, da kuka, da tumatir, da nama. Naman kaza ma yana busuwa. Matsalar ita ce yana fitowa ne a daidai lokacin da rana ke ɓuya, iska kuma ta yi danshi, abin da aka shanya ya yi funfuna kafin ya bushe. A nan ne dabara ta biyu ke da amfani, wato sa shi ya yi tsami.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Mu dubi abin da 'yar Fulani ke yi. Idan ta tatso madara, ta san ba za ta kai gobe lafiya ba. Sai ta zuba a ƙwarya, ta ɗiga ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe da faifai. Kafin gari ya waye madara ta yi barci, ta yi kauri, ta yi tsami. Wannan nono zai jure tafiya zuwa kasuwa cikin rana, abin da ɗanyar madara ba za ta iya ba.

Me ya faru a cikin ƙwaryar? A cikin ragowar nonon nan akwai wasu ƙananan halittu da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Yawancinmu idan muka ji an ce bakteriya sai mu tuna da cuta, irin su kwalara da taifot. Amma ba dukansu ne mugaye ba. Waɗannan na cikin nono abincinsu sukari ne, kuma idan suka ci sai su fitar da wani ruwan tsami mai suna laktik asid. Don sauƙi za mu kira su ƙwayoyin tsami. Yayin da tsami ke ƙaruwa, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci da masu kawo cuta sai su kasa yaɗuwa, su kuwa ƙwayoyin tsami suna jure shi.

Ba a nono kaɗai suke aiki ba. Su ne ke sa gasarar koko ta yi tsami, su ne a kunun zaƙi, da furar da ta kwana, da ruwan tsamin da iyayenmu mata ke tuƙa tuwo da shi. Daddawa ce ta fita daban. Ita wata bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, shi ya sa take da ƙarfin wari amma ba ta da tsami.

Kakanninmu sun daɗe suna aiki da waɗannan halittu ba tare da sun gan su ba. Masana kimiyya daga baya suka gano su. A shekarar 1780 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Scheele, ya ware laktik asid daga madarar da ta yi tsami. A 1857 kuma Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa halittu masu rai ne ke haddasa wannan tsami.

Ana auna tsami da wani ma'auni da ake kira pH, wanda muke koyo a darasin kemistiri. Ruwa mai tsabta yana kan lamba 7. Duk abin da ya sauka ƙasa da 7 yana da tsami, kuma gwargwadon saukarsa gwargwadon ƙarfin tsaminsa. Ɗanyen naman kaza yana wajen 6, nono kuwa yana kusa da 4. Lambar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce 4.6. Akwai wata muguwar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, Clostridium botulinum, wadda ke son wurin da babu iska, kamar cikin rufaffiyar kwalba, kuma gubarta tana shanye jiki har ta hana numfashi. Idan tsami ya sauka ƙasa da 4.6 ba ta iya girma. Saboda haka dukan aikin shi ne a kai naman kaza ƙasa da wannan lamba cikin hanzari.

Yadda ake tsima naman kaza

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Mutanen Foland, da Rasha, da Yukiren suna da doguwar hunturu wadda ba abin da ke tsiro a cikinta. Tun zamanin da sukan tara naman kaza daga daji da kaka, su jera shi a ganga ta katako, su barbaɗa gishiri, su danne da dutse. Wasu sukan ƙara ɗan ruwan madara mai tsami, kamar dai yadda 'yar Fulani ke yi. A zamanin nan masu bincike a jami'ar kimiyyar noma da abinci ta birnin Lublin a Foland sun yi nazarin wannan al'ada, suna amfani da zaɓaɓɓun ƙwayoyin tsami. Wadda aka fi amfani da ita sunanta Lactobacillus plantarum, wanda aka sauya zuwa Lactiplantibacillus plantarum a 2020. Sunan yana da tsawo, amma ba baƙuwa ba ce, tana cikin ƙwayoyin da ake samu a gasarar koko.

Matakan aikin su ne kamar haka:

1. A zaɓi sabon naman kaza wanda aka tabbata na ci ne, a yanke gindin, a wanke ƙasa sarai.

2. A tsoma shi a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, sannan a tsame a bari ya huce. Wannan yana rage ƙwayoyin da suka biyo shi daga ƙasa, yana hana shi yin baƙi, yana kuma fitar da iskar da ke cikinsa.

3. A zuba gishiri kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, da sukari kashi 1. Wato a kilo ɗaya, gishiri giram 20, sukari giram 10. Gishiri yana jawo ruwa daga jikinsa, yana kuma danne ƙwayoyin ruɓa a kwanakin farko. Sukari kuwa abincin ƙwayoyin tsami ne, domin na jikin naman kaza kaɗan ne.

4. A zuba irin ƙwayoyin tsami. Wannan mataki dole ne, tunda ruwan zafi bai bambanta ƙwaya mai amfani da mai cutarwa ba.

5. A danna shi cikin kwalba mai tsabta har ruwa ya rufe shi gaba ɗaya. Duk ɓangaren da ya leƙo sama zai yi funfuna. Kada a ɗaure murfi tamau, don iskar da ke tasowa ta sami hanyar fita.

6. A ajiye a inuwa kamar mako guda, sannan a mayar wuri mai sanyi.

Kada a yi wannan aiki a gwangwani ko a tukunyar alminiyam irin wadda ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, domin tsami yana cin ƙarfe ya shigar da shi cikin abinci.

Akwai bambanci tsakaninmu da Foland wanda bai kamata mu manta ba. Su suna yin aikin a ɗaki mai zafin digiri 20 ko ɗan fiye, su ajiye a firji. Mu kuwa ko da damina zafin rana yakan kai digiri 30. A irin wannan zafi tsami yana zuwa da wuri, amma abin yana saurin yin laushi da lalacewa. Don haka a yi kaɗan kaɗan. Wanda ba shi da firji yana iya amfani da dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska ta bushe, kuma sanyinta bai kai na firji ba. Duk kwalbar da ta yi ɗoyi, ko yauƙi, ko ta kasa yin tsami, a zubar, kada ma a ɗanɗana. A makaranta muna da takardar auna pH a ɗakin gwaji, kuma a nan ya kamata mai koyo ya fara, a gaban malami.

Abinci mai aiki biyu

Masana ba don ajiya kaɗai suke wannan bincike ba. A ƙasar Japan, cikin shekarun 1980, aka fara maganar wani rukunin abinci wanda bayan ƙosar da mutum yana kuma yi wa jiki wani aiki na musamman. A 1991 gwamnatin ƙasar ta kafa tsarin tantance irin wannan abinci kafin a rubuta amfaninsa a jikin kwali. Mu sai mu kira shi abinci mai aiki biyu. Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin mun saba jin an ce a ba mai jego kunun kanwa, a ba marar lafiya zogale. Bambancin shi ne su sukan nemi hujja ta gwaji.

Tushen maganar ya girmi haka. A 1907 wani masani ɗan Rasha da ke aiki a birnin Faris, Elie Metchnikoff, ya kawo ra'ayin cewa madara mai tsami da manoman Bulgeriya ke sha tana da hannu a tsawon ransu. A 1935 aka fara sayar da abin shan nan mai suna Yakult a Japan, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin tsami masu rai. A 2001 kuma ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fayyace cewa ba za a ce ƙwaya tana da irin wannan amfani ba sai tana raye, an ci ta da yawan da ya isa, kuma an ga amfaninta ga lafiya.

A cikin hanjin kowane ɗayanmu akwai bakteriya masu ɗimbin yawa, kuma da yawansu abokan zama ne: suna taimakon narkar da abinci, suna tare wa masu cuta wuri. Naman kaza yana da wani irin zare mai suna beta-gulukan wanda cikinmu ba ya narkarwa, sai ya wuce zuwa babban hanji ya zama abincin waɗannan abokan zama. Ke nan tsimammen naman kaza yana tafe da abu biyu, ƙwayoyi masu amfani da kuma guzurinsu.

Sai dai a lura da abu uku. Na farko, wuta tana kashe ƙwayoyin. Idan aka zuba shi a miya ya tafasa, za a sami daɗi da furotin da zaren, amma ƙwayoyin sun mutu. Mai son su da rai sai ya ci shi a kwaɗo, kamar yadda ake kwaɗa zogale ko rama da ƙuli. Na biyu, yana da gishiri, don haka mai hawan jini ya yi hattara. Na uku, abinci ne, ba magani ba. Yawancin abin da ake faɗa game da naman kaza da ciwon sukari ko ciwon daji an gwada shi ne a ɗakin gwaji ko a jikin ɓeraye. Duk wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari saboda wani ya zo da kwalba yana talla a kasuwa.

Abin da tsami ba ya iyawa

Yanzu mu koma ga tsoron da iyayenmu ke yi, domin suna da gaskiya. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Akwai wata farar laima mai kyan gani da ke yawan fitowa a filin ciyawa a ƙasashe masu zafi, sunanta Chlorophyllum molybdites. Idan ta girma ƙasan laimar yakan juya ya yi kore kore. Wanda ya ci ta zai sha amai da gudawa mai tsanani. Akwai kuma wasu a dangin Amanita da suka fi ta sharri. Mutum zai ci ya ji lafiya lau har sa'o'i 6 ko fiye, sannan ciwon ciki ya taso, ya lafa kamar an warke, alhali hanta tana lalacewa. Irin wannan guba dafuwa ba ta kashe ta, shanya ba ta kashe ta, gishiri da tsami ma ba sa kashe ta.

Wasu sukan ce idan ƙwari ko akuya suka ci, to mutum ma zai iya ci. Wasu kuma su ce mai guba yana sa cokali ya yi baƙi. Duk wannan ba gaskiya ba ne. Wanda bai koya daga ƙwararre ba, kada ya tsinko ya ci. Idan kuma yaro ya ci bisa kuskure, a kai shi asibiti nan take, tare da ragowar abin da ya ci, kada a jira alama ta bayyana.

Haɗari na biyu namu ne na wannan yanki. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, da Abare, da 'Yargalma, da Bagega. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙawa, ƙurar mai ɗauke da dalma tana bin ƙasa da abinci da hannun yara. Yara fiye da 400 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar dubbai, aka kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aikin da ya kai Bagega a 2013.

Alaƙar wannan da naman kaza ita ce zaruruwansa suna zuƙar ƙarafa daga ƙasar da suke ciki, su tara a laima. Wanda ya fito kusa da ramin haƙar ma'adini, ko wurin niƙa dutse, ko inda aka zubar da ƙasar wanki, ba abin ci ba ne ko da irinsa mai kyau ne. Dalma ba halitta ba ce da za a kashe, ba kuma sukari ba ce da ƙwayoyin tsami za su cinye. Yadda ta shiga kwalba haka za ta shiga ciki.

Mafita ita ce noma shi a gida

Idan aka haɗa haɗarin guba, da na dalma, da matsalar tsaro da ta sa shiga daji ya yi wuya a yankinmu cikin shekarun nan, za a ga tsinto naman kaza ba shi ne hanya ba. Abin da ya fi shi ne a noma shi. Akwai wani iri mai suna Pleurotus, wanda ba ya buƙatar gona. Yana girma a kan bambaron shinkafa, da totuwar masara, da garin katako, abubuwan da muke ƙonewa ko zubarwa, ga shi kuwa ana noman shinkafa a fadamun Gummi. Ana turara bambaron ko a jiƙa shi a ruwan zafi, a bari ya huce, a cakuɗa da iri, a ɗura a leda, a ajiye a ɗaki mai inuwa da danshi. Cikin makonni uku zuwa huɗu fararen zaruruwa za su cika ledar, daga nan laima ta fara fitowa ta hujin da aka yi mata. Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi a Legas, wadda aka kafa a 1956, tana cikin wuraren da suka yi aiki a kan noman naman kaza a ƙasar nan. Wanda ya noma da hannunsa ya san irin da ya shuka, ya kuma san gonar da bambaronsa ya fito.

Daga ƙarshe, muna kira ga ɗalibai 'yan'uwanmu, idan an tafi hutu a zauna kusa da iyaye mata a ga yadda suke sarrafa nono da gasara, a yi tambaya, a rubuta, domin da tsohuwar zuma ake magani. Muna kuma roƙon iyaye su ja kunnen ƙananan yara kada su ci wata laima da suka tsinta a waje. Ga masu shirin karanta aikin gona ko kimiyyar abinci a Sakkwato, ko Gusau, ko Zariya, ga aiki nan yana jira: a gano irin naman kazan da ke fitowa a ƙasar Zamfara, a ware na ci da na guba, a kuma gwada ko ƙwayoyin da ke cikin ruwan tsaminmu za su iya adana shi a irin zafin garinmu.